Ƙoƙi ta ƙi cin abinci

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau kwana 27 rabon Ƙoƙi da ta sa wani abu a bakinta. Ranar 13 ga Oktoba ta ci gyare guda, tun daga nan shiru. Da yamman nan na sake jefa mata wani. Ya yi tsalle ya faɗa kan ƙafarta ta gaba, ta janye ƙafar a hankali kamar wadda aka taka wa sallaya, ta juya masa baya. Na ba su minti ashirin, na sa hantsaki na fitar da shi.

Shi ya sa na buɗe wannan kundi. Mai damuwa ba ya iya ƙirga kwana, uku sai ta zame masa goma. Gara a rubuta.

Ƙoƙi tarantula ce, ƙaton gizo-gizon nan mai gashi. Nata irin shi ne wanda masana ke kira Tliltocatl albopilosus, asalinsu ƙasashen Nikaraguwa da Kosta Rika da maƙwabtansu a Amurka ta Tsakiya. Baƙa ce, da dogon gashi mai ruwan zuma a murɗe, kamar kan yaron da ya kwana biyu bai ga mataji ba. Idan ta baje ƙafafu takan cika tafin hannuna. Abokin aikina da muke koyar da ilimin halittu tare ne ya bar min ita bara da zai tafi ƙaro karatu waje. Ya ce mace ce, matan irinsu kuma kan haura shekara 15. Yara na jin mace ce suka ce ai matar Gizo ke nan, suna ya zauna.

Gidanta roba ce mai garai-garai, tsawonta santimita 35, na hudahuda gefenta da ƙusa mai zafi don iska. A ƙasa akwai niƙaƙƙen ɓawon kwakwa gauraye da ƙasar da ba ta ga taki ba, sai rabin tukunyar ƙasa da na kifa mata a matsayin ɗaki, sai murfin kwalba na ruwan sha. Tana ɗakin karatuna, bisa sharaɗin uwargida, wadda ta faɗa tun ranar farko: "Malam, ranar da na ga abin nan a kan gadona, ranar zan tafi gidanmu."

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kwana 38.

Abin da ke cin raina ba sha'awa ba ce kawai. Duk ɗan makarantar Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. To ni ga abin da na tsare a roba, ina miƙa abinci ana ƙi. Da dare idan na kwanta sai in ji kamar akwai hakki a wuyana.

Jiya na ɗauki hotonta a waya na kai wani shagon likitan dabbobi a cikin gari. Mutumin ya ƙura wa hoton ido, ya dube ni, ya ce, "Malam, mu nan kaji da karnuka muke dubawa. Wannan in ka gan shi ai takalmi ake nema." Ban ji haushinsa ba. Ga mu nan dab da Vom, inda ake binciken lafiyar dabbobi tun 1924, amma abin da ya dami jama'a shi ne ciwon shanu da murar tsuntsaye, kuma haka ya dace. Mai kiwon gizo-gizo a Jos shi ne likitan kansa.

Don haka na koma ga abin da na sani. Ba a auna lafiyar tarantula da cin abinci, da tumbi ake aunawa, wato wannan ƙullutun na baya. Muddin ya kai girman gaban jikin ko ya fi, kuma a cike yake sumul, babu yunwa. Na Ƙoƙi kuwa ya fi gaban girma, har da ƙyalli. Wannan halitta ce da ke wuni ta kwana a wuri ɗaya, jikinta ba ya ƙona abinci don ɗumama kansa kamar namu, saboda haka gyare biyu sai su kai ta wata guda. 'Yar'uwarta ta ƙasar Chile, Grammostola rosea, ta yi suna wajen yajin cin abinci na watanni da yawa ba tare da wani ciwo ba.

Zato biyu nake yi: ko sanyi ne ya fara shiga, ko saɓa ce ke tafe. A bayan tumbinta akwai ɗan sanƙo kamar girman ƙwayar gyaɗa, inda ta karkaɗe gashi. Yanzu fatar wurin jaja-jaja ce. In saɓa ce, zai yi duhu har ya koma baƙi, domin sabon gashin da ke tsirowa a ƙarƙashi ne ake hangowa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Da asuba ma'aunin da ke ɗakin karatu ya nuna digiri 15. Wanda bai taɓa kwana a Jos a Disamba ba ba zai gane ba. Muna kan tudun da ya kai mita 1,200 daga teku, ruwan alwala sai an ɗora a wuta. Ita kuwa 'yar ƙasa mai ɗumi da laima ce, tsakanin digiri 22 da 27 ta fi sakewa.

Inna, wadda ta zo mana daga Toro ranar Alhamis, ta ce in kawo kurfoti in ajiye a ɗakin. Ba don tausayin Ƙoƙi ba, don ta ga ina shiga ina fita da bargo. Na ce, "Inna, hayaƙin gawayi zai kashe ta kafin sanyi." Ta ce, "To Allah ya sa." Har yanzu ba ta yarda ba tautau ba ne. Ta ja wa jikokinta kunne kada su bar wuyansu a buɗe da dare, kada ya yi musu fitsari fata ta sale.

Dabarar da na yi: na shigar da robar cikin durowar littattafai, na cika gorar roba da ruwan ɗumi, na naɗe da tawul, na jingina a gefe ɗaya. A gefe, ba a ƙasa ba. Idan zafi ya ishi tarantula tono take yi ta nutsa ƙasa, don a daji can ne sanyi yake. Wanda ya sa mata abin ɗumi a ƙarƙashi ya tura ta cikin murhu da hannunsa. Yanzu cikin durowar kan tsaya a 20 zuwa 21 har safe. Kullum nakan same ta manne da bangon da ke kusa da gorar, ƙafafu a tattare sun rufe fuska.

Juma'a, 27 ga Disamba

Ba wani sabon labari game da abinci, kwana 75. Na daina miƙawa kowane mako, sai bayan mako biyu.

Labarin yau na ɗana ne na tsakiya. An yi hutu, ya kawo abokansa kallo, ya buɗe murfi ya hura mata iska da baki don ta motsa. Ta kuwa motsa. Ta juya baya ta sa ƙafafun baya ta karce tumbi da sauri, gashi ya tashi kamar ƙura. Ya zo yana susar wuya da damtse, "Abba, ƙaiƙayi!" Wurin ya yi ja, ya yi ƙananan ƙuraje kamar wanda ya yi birgima a masussukar gero. Na manna salatif a wurin na ɗaye sau da yawa, muka wanke da ruwan sanyi da sabulu. Allah ya tsare bai shiga ido ba, don kowane silin gashin nan da 'yan ƙayoyi a jikinsa, in ya shiga ido sai asibiti. Inna ta ce, "Ban faɗa muku ba?" Na rasa ta cewa, domin a wannan karon ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Wannan makami na tarantulolin nahiyar Amurka ne kawai. Namu na Afirka ta Yamma, irin su Stromatopelma da Heteroscodra masu zaman bishiya, ba su da gashin ƙaiƙayi, saboda haka ba su da wani makami sai cizo, ga gudu kamar walƙiya, dafinsu kuma na sa ciwon jiki da murɗewar tsoka na kwanaki. Wani ɗalibina ya taɓa cewa zai kamo min ɗaya daga ƙauyensu. Na ce na gode, ya bar shi a inda Allah ya ajiye shi.

Sanƙon ya ƙara faɗi. Launinsa ya fara komawa toka-toka.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Na kusa kashe ta, kuma laifina ne ni kaɗai.

Mun tafi biki Bauchi ranar Laraba, muka dawo jiya da dare. Kafin mu fita na duba gas, na duba makulli, na duba tayar mota, ban duba murfin ruwa ba. A damina ruwan nan kan yi mako bai ƙafe ba. A hunturu kwana biyu ya ishe shi. Da na buɗe durowa na haska tocila, murfin ya bushe ƙayau har da farin tabo, ƙasar ta zama gari. Ita kuma tana gefen tukunya, ƙafafu uku na hagu sun lanƙwashe sun shige ƙarƙashin jikinta, tumbin ya ɗan yamutse kamar tumatirin da ya kwana uku a faranti. Na taɓa ƙafar baya da burushi mai laushi, ta motsa da ƙyar.

Gabana ya faɗi, don na san ma'anar wannan zama. Ƙafar gizo-gizo tana da tsokar naɗewa, amma a manyan gaɓoɓinta babu tsokar miƙewa. Jini yake tunkuɗawa cikin ƙafar da ƙarfi ta miƙe, kamar yadda jak ɗin mota ke aiki da mai. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, ƙarfin turawa ya tafi, sai ƙafafu su naɗe ciki da kansu. Shi ya sa duk mataccen gizo-gizon da ka share a bayan ƙofa a dunƙule yake.

Na cika murfin, na tona masa gurbi dab da ita har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, na sa cokali a hankali na ɗaga gabanta na ɗora bakinta a ruwan. Baki kawai. Huhunta huɗu a ƙarƙashin tumbi suke, ba a kai ba, don haka kai na iya nutsewa a ruwa ba komai, tumbin ne ba a so ya jiƙe. Na zauna a ƙasa da kayan bikina ina kallo. Minti biyar babu alama. Can sai na ga fuskar ruwan tana ɗan rawa. Ta yi kusan minti arba'in a haka, ruwan ya ragu da abin da ido ke gani. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ta ja da baya da ƙafafunta takwas.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ko ɗanka ne ba lafiya iyakar abin da za ka yi ke nan." Amma ita ta kawo min shayi.

Laraba, 8 ga Janairu

Tumbi ya koma sumul. Na sauya murfin da wani mai faɗi da zurfi, ba soso ba auduga a ciki, waɗannan ƙazanta kawai suke tarawa. Na kuma tsiyaya ruwa a kusurwa ɗaya har ya ratsa ƙasa, sama a bushe, ƙasa da danshi. Na rubuta RUWA da babban baƙi na manna a ƙofar ɗaki.

Asabar, 25 ga Janairu

Gidan haya dai gidan haya ne. Da hantsi ina gyaran takardun jarrabawa sai wani wari ya bugi hancina. Maƙwabcinmu na ɗakin baya ne ya fito da katifu tsakar gida yana yayyafa musu fiya-fiya, wai kuɗin cizo sun hana su barci. Iska kuma ta taga take kaɗowa, kai tsaye cikin ɗakin karatu.

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na rufe robar da bargo na kai mota, na wuce gidan Yaya a Rikkos. Matarsa ta ce a ajiye a sito, kuma kada in gaya mata abin da ke ciki. Da na dawo da la'asar na duba bokitin da nake kiwon gyare, sama da talatin, duk sun mutu ko suna kan hanya, suna kwance suna karkarwa.

Ban yi wa maƙwabcin magana ba. Me zan ce? Mutum na kare 'ya'yansa daga cizo, ni ina kare gizo-gizo. Na dai roƙe shi ya riƙa sanar da ni kafin ya fesa, na kuma ba shi shawara ya fitar da yara daga ɗakin har warin ya tafi, don abin da ke cikin fiya-fiya, sinadarin diklobos, ba ƙwari kaɗai yake illatawa ba. Aikinsa shi ne ya hana jijiya kashe saƙon da ta aika, sai tsoka ta yi ta harbawa ba tsayawa har numfashi ya yanke.

A wurin masu kiwon tarantula akwai wata cuta da suka fi tsoro, wadda ake yawan dangantawa da irin waɗannan magunguna, har da maganin kaska na karnuka. Gizo-gizon zai riƙa fizge-fizge, ya ɗaga ƙafa ya kasa ajiye ta inda ya nufa, ya yi ta tangaɗi kamar mashayi, ya kasa kama abinci. Da wuya a tashi. Ita nake jira in gani ko in kuɓuta.

Wannan ne ma dalilin da ya sa tun farko ba na kamo mata fara daga lambunan bakin rafi, inda ake feshin kabeji da tumatir kusan kowane mako, ko kyankyason gida da ban san me ya lasa ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kullum bayan an tashi makaranta nakan biya Rikkos. Tafiyarta daidai, ƙafa bayan ƙafa, babu fizga. Na wanke ɗakin karatu da ruwan omo, na bar taga a buɗe kwana huɗu, yau na dawo da ita. Na fara sabon kiwo, tsutsar dusa a wannan karon, ta fi gyare sauƙi, kuma ba ta kuka da dare.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kwana 126. Tun ranar Talata ta shige tukunya ta toshe ƙofar da ƙasa da yana, ta yi yaɓe mai kyau kamar na magini. Kwana biyar ban ga ko ƙafarta ba.

Sau uku yau ina kai hannu kan tukunyar ina janyewa. Zuciya na cewa ɗaga kaɗan ka gani, in ta mutu fa? Amma mushe ba ya ɓuya, wari zai fito, ƙananan ƙudaje za su taru. Na sunkuya na shinshina ramukan iska kamar mai neman gas da ke yoyo. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai. Daga bayan robar, inda tukunyar ta jingina da bango, akwai 'yar kafa. Na haska tocila ta nan na hango tumbin. Sanƙon ya zama baƙi wuluk yana sheƙi kamar ɗinya.

Saɓa ce. Ba sauran miƙa abinci. Gyare ɗaya da aka manta a ciki zai iya cin ta da ranta lokacin da take kwance ba ta da ƙarfi.

Talata, 4 ga Maris, 4 ga Ramadan

Shekaranjiya ta fasa yaɓen ta fito, ta kwana tana zagaye wuri ɗaya tana kaɗa gindi, ta shimfiɗa farar yana mai kauri a fili kamar tabarma.

Yau muna sahur Auta ta ruga da gudu, "Abba, Abba, Ƙoƙi ta mutu!" Muka tashi gaba ɗaya. Tana kwance rigingine a kan tabarmar, ƙafafu takwas a sama, ko motsi. Inna, wadda ta dawo yin azumi tare da mu, ta yi salati ta ce, "To, kwana ya ƙare. Ɗauko abin kwashe shara, kada ta yi wari cikin azumi." Na tare ƙofa na ce, "Inna, don Allah kada kowa ya taɓa teburin nan." Mai mutuwa a kife take mutuwa, ƙafafu a ƙarƙashi, kamar yadda na same ta a Janairu. Rigingine kwanciyar saɓa ce. Wanda ya juya ta a wannan hali, ko ya fesa mata ruwa, ko ya girgiza robar, zai iya sa ta maƙale a tsohuwar fata, nan kuwa mutuwa ce ko rasa ƙafa.

Na yi ta zama har bakwai da rabi, babu abin da ya faru. Ina da aji uku a jere, ba halin fashi. Ina saka takalmi uwargida ta ce, "Je ka, Malam, zan duba maka." Na dube ta. Ta ce, "Daga bakin ƙofa."

Saƙonninta na WhatsApp na nan a wayata, ba zan goge ba. Sha ɗaya da kwata: "Tana motsa ƙafa kaɗan-kaɗan." Sha biyu saura: "Bayanta ya buɗe kamar murfin tukunya." Bayan minti ashirin: "Malam akwai wata a ciki!!" Sai hoto, wanda ko makaho ya san ba daga bakin ƙofa aka ɗauke shi ba. Daga nan ta shiga ƙirga min: ƙafa uku sun fito, biyar, shida. Sai shiru na rabin awa, ina gaban allo ina bayanin zagayawar jini, hankalina na aljihu. Sai: "Ɗaya ta baya ta ƙi fita. In ja mata?" Na fita baranda na kira ta. "A'a, don girman Allah kada ki ja." Ta ce, "To ai wahala take sha." Na ce na sani. Ƙarfe ɗaya da minti goma: "Ta fita. Alhamdulillahi."

Da na dawo na same ta har yanzu a rigingine kusa da tsohuwar rigarta, tana naɗe ƙafafu tana miƙewa, tana tura jini cikin sababbin gaɓoɓi kafin su ƙanƙare. Jikin ya yi laushi kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, fiƙoƙinta biyu farare fat kamar madara. Ba fatar waje kaɗai ta tuɓe ba, har da shimfiɗar cikin huhu da ta maƙogwaro da ta ciki. Abin da ta yi wata huɗu da rabi tana shiryawa ke nan, ni kuma ina bin ta da gyare.

Asabar, 8 ga Maris

Tun ranar Laraba da ta mirgina ta tsaya na ga wani abu bai yi min daidai ba. Ƙafafun sun yi tsawo ƙwarai, sun sirance, tumbin ya zama ɗan ƙarami. Na ce ko rama ce. Yau da rana ta fito fili na sa gilashin ƙara girma.

A ƙarƙashin ƙafafun gaba biyu akwai ƙugiya, ɗaya a kowace. Gajerun hannayen nan biyu na gefen baki, waɗanda da suke kamar ƙananan ƙafafu, yanzu ƙarshensu ya dunƙule kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe. Don in kore shakka na jiƙa saɓar a ruwa mai ɗigon sabulu, na baje fatar tumbin da tsinken sakace a kan farar takarda. Tsakanin huhu biyu na gaba, inda mace ke da 'yar jakar ajiyar maniyyi, babu komai, sumul.

Ƙoƙi namiji ne.

Da aka sha ruwa na faɗa. Yara suka kwashe da dariya har da faɗuwa. Babbar ta ce, "Abba, ashe Gizo ne da kansa ya ɗaura zanen matarsa!" Inna ta ce ai halinsa ne, wanda ya yaudari zaki da kura, malamin makaranta ne zai gagare shi? Na kira abokina na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce shi ma haka wanda ya ba shi ya ce, bai taɓa duba saɓa ba.

Ban gaya wa yara sauran ba tukuna. Wannan ita ce saɓar balaga, kuma ga namiji yawanci ita ce ta ƙarshe. Mace na ci gaba da saɓa tana sabunta jiki shekara da shekaru. Namiji daga nan shekara ɗaya ne, in ya yi tsawon rai biyu.

Alhamis, 20 ga Maris

Fiƙa ta tashi daga fari ta koma ja, daga ja ta koma baƙi. Kafin haka ba a ba da abinci, don fiƙa mai taushi na iya karyewa, wanda ya karya duka biyu kuma ba shi da abin ci. Na ba shi kwana 16. Bayan tarawihi na jefa tsutsa ɗaya. Kafin ta gama juyi ya daka mata tsalle, ya miƙe a kan yatsu yana juyawa a hankali yana shimfiɗa yana a ƙasa. Kwana 158. Auta ta tafa, na ce ta yi a hankali, da gashin ƙafa yake jin motsi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wanda ya yi wata biyar kamar dutse yanzu ba ya zama. Da magariba ta yi sai ya hau zagaye, bango zuwa bango, ya kama gefe ya haura har murfi, ya tura da ƙafa, ya sulmiyo. A daji wannan ne lokacin da namiji ke barin raminsa ya shiga duniya neman mace. Ba ciwo ba ne, ba kuma abin da zan iya yi masa.

Abin da zan iya shi ne hana faɗuwa. Tumbin tarantula kamar balan-balan ne da aka cika da ruwa, faɗuwa daga tsayin da bai kai kamu biyu ba kan abu mai tauri na iya fasa shi, jininsu kuma, mai ɗan shuɗi-shuɗi saboda jan ƙarfe ne a cikinsa maimakon baƙin ƙarfe irin namu, ba ya saurin daskarewa. Na ƙara ƙasa har tazarar da ke tsakaninta da murfi ba ta fi tsawon ƙafafunsa da rabi ba. Na matsar da tukunyar tsakiya don kada ya faɗo a kan bakinta. Na ajiye garin masara mai laushi a kusa, in an samu ɗan rauni a barbaɗa. Na ɗora kamus biyu a kan murfi, saboda sharaɗin uwargida na nan daram.

Daren Laraba na ga ya saƙa wata yana a karkace tsakanin tukunya da bango, ya shige ƙarƙashinta a rigingine. Gabana ya sake faɗuwa, na ce wata saɓar? Ashe yanar maniyyi ce. Ya ɗiga a kai, ya hau sama ya tsotse da dunƙulallun hannayen nan, kafin safe ya yayyage ta, sai farin zare ɗaya ya bari.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ruwa ya sauka sau uku a makon nan. Damuwa ta juya: da bushewa, yanzu fumfuna. Na tsince ragowar tsutsa da ta yi fari a kusurwa, na ƙara huda goma a kowane gefe, na daina jiƙa ƙasa. Tururuwa ma sun fara layi a bangon ɗaki, na sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen madara da ruwa.

Tun 20 ga Maris sau biyu kawai ya ci. Ruwa dai yana sha sosai, yawon dare na ƙona shi. Na tambayi 'yan tsirarun masu irin wannan kiwo da na sani a Abuja da Legas ko akwai mai balagaggiyar mace ta irinsa, in ba da shi aro. Har yau ba a dace ba. Shigo da ita daga waje kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, don irinsu na cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta ce sai da takardun izini.

Jiya na gaya wa manyan yaran biyu maganar shekara ɗaya ko biyu. Na tsakiyan, mai ƙaiƙayi, ya tambaya ko za a iya ajiye saɓar. Mun busar da ita, mun baje ƙafafun da allurai a kan kwali, gobe zan kai ta ɗakin gwaje-gwajen makaranta. A ƙasan kwalin ya rubuta Ƙoƙi, ya soke, ya rubuta Gizo, ya sake sokewa, ya kawo min biro ya ce in zaɓa.

Da na shiga duba ruwa da daddare na tarar an riga an cika murfin, har ya ɗan zuba a gefe. Na tambayi yara, kowa ya ce ba shi ba ne. Uwargida na ninke kaya, ba ta ɗago ba, ta ce, "Na ga ta yi ta zagaye ne, na ce ko ƙishi take ji."